Burodin kinuwa da zuma: yadda karin kumallo ya dawo gida

Duk matar da take auren ɗan kasuwa ta san safiyarmu gajera ce. Ana sallame Asuba waya ta fara ƙara: mota ta iso daga arewa, kaya sun maƙale a iyaka, wane yana jira a bakin shago. Abin da ya fi saurin shiga ciki shi ake ci, wato shayi da burodi. A nan Kumasi burodi iri uku ne kowa ya sani: mai suga, mai bota, da wanda ake ce wa na shayi. Mai sugan ne ya fi farin jini a zango. Ga laushi kamar auduga, ga zaƙi tun kafin a tsoma shi a shayin da shi ma ya sha suga da madarar gwangwani. Sama da shekara 20 da wannan maigidana yake karyawa, in ban da ranakun da aka sayo koko da ƙosai.

Shekara 3 da suka wuce Alhaji ya fara yawan jin ƙishirwa, ga tashi fitsari sau uku sau huɗu cikin dare, ga rama ba dalili. Da aka auna shi a asibiti sai aka ce ciwon suga ne. Likita ya rubuta magani, ya kuma lissafo abubuwan da za a rage: farin burodi, lemon kwalba, suga a shayi, tulin shinkafa. Ya ce a ƙara wake da ganye, a riƙa taka ƙasa da ƙafa.

Shan magani bai ba mu wahala ba. Abincin ne ya zama rigima. Alhaji mutum ne da bai saba ci shi kaɗai ba. Tun tashinsa, kwano ɗaya yake sa hannu da 'yan'uwa ko yaran shago. Yanzu ga shi an ajiye masa dafaffen wake a gefe, yara kuma suna yagar burodi a gabansa. Wata safiya ya ture kwanon ya ce, "Hajiya, ni fa ban kwanta ba tukuna. Kun mai da ni majinyaci a cikin gidana." Daga ranar ya koma fita ba tare da ya karya ba. Yaron shagonsa ne ya tsegunta mini cewa da sun isa kasuwa, teburin mai shayi ake fara tsayawa, a yanko rabin burodi a shafe shi da bota.

Hankalina ya tashi, don mun ga abin da ciwon nan ya yi wa wani abokin cinikinsa. Ɗan rauni ne a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, ƙarshe sai da aka yanke ƙafar. Mutumin da yake bin goro daji-daji ya koma zaman gida. Mu da muke zaune a ƙasar mutane mun san abin da wannan yake nufi. Lafiyar maigida ita ce jarin. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, da ɗan abin da ake aika wa tsofaffi a gida, duk a ƙafafunsa suke tafiya.

Babbar 'yata, wadda take karatun aikin jinya a Akara, ita ce ta zo hutu da wani ɗan ƙunshi daga babban kanti. Ta ce, "Umma, ga kinuwa na kawo miki." Na ce, "Wace ce kuma Kinuwa, 'yar gidan wa?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta zazzage a faranti sai na ga ƙwayoyi ƙanana, farare, sun ɗan fi riɗi kauri, ba su kai gero ba. Ta ce, "Tunda Baba ba zai rabu da burodi ba, mu yi masa namu. Amma kowa zai ci, har ke."

Kinuwa abincin mutanen tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, musamman ƙasashen Peru da Bolibiya, inda ake nomanta tun dubban shekaru a wurare masu tudu da sanyi, inda masara ba ta yi sosai. Ba dangin gero da dawa ba ce. 'Yar'uwar alayyafo ce, ƙwayar irinta ake ci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2013 a matsayin shekarar kinuwa, kuma a shekarun nan ne ta cika kantunan manyan birane har ta iso gare mu. Abin da ya sa ake yabonta shi ne sinadarin gina jiki: a cikin giram 100 na busasshiya akwai kusan giram 14, kusan ninki biyu na abin da ke cikin farar shinkafa. Tana kuma da harza, wadda take sa abinci ya daɗe a ciki bai narke lokaci guda ba.

Abu biyu ya kamata mace ta sani kafin ta taɓa ta. Na farko, ƙwayar tana da wani sinadari mai ɗaci a bayanta, wanda yake kare ta daga tsuntsaye a gona. In kika zuba ruwa kika cuɗa za ki ga yana kumfa kamar sabulu. Sai an wanke ta a rariya mai ƙananan ido, ana canza ruwa har kumfar ta ɗauke, in ba haka ba burodin zai yi ɗaci-ɗaci. Na biyu, ba ta da danƙon nan na alkama da yake riƙe iska ya sa ƙullu ya kumbura. Don haka ita kaɗai ba ta yin burodi. Sai an haɗa ta da fulawa.

Ga yadda nake yi, da kofin shayi na yau da kullum. Ina wanke rabin kofi na kinuwa, in dafa da kofi 1 na ruwa kamar minti 15, har ruwan ya tsotse, ki ga wani ɗan zare fari ya naɗe kowace ƙwaya. Sai in baza ta a faranti ta huce, don zafi yana kashe yis. A wani kwano ina zuba ruwa mai ɗumi, ɗan ƙasa da kofi 1, in narka babban cokali 2 na zuma, in barbaɗa ƙaramin cokali 2 na yis, in bar shi minti 10 ya yi kumfa. Gari kofi 3 ne: rabi farar fulawa, rabi garin alkama wanda ba a cire masa dusa ba. Sai ƙaramin cokali 1 na gishiri da babban cokali 2 na man gyaɗa. In haɗa duka da dafaffiyar kinuwar in yi ta murzawa minti 10 cur. Ƙullun zai riƙa kama hannu fiye da wanda kika saba. Shafa wa tafinki mai ya fi ƙara gari, don gari in ya yi yawa burodin tauri yake yi.

In na gama sai in rufe da tsumma mai tsabta har ya ninka. A zafin Kumasi da wuya ya wuce awa ɗaya. In danne shi iskar ta fita, in mulmula, in sa a gwangwanin gashi da aka shafa wa mai, ya sake tashi kamar rabin awa. A na'urar gashi, ma'aunin zafi 180 ya isa, minti 35 zuwa 40. Ranar da aka ɗauke wuta ko gas ya ƙare, babbar tukunya nake samu in zuba yashi mai tsabta a gindinta, in ɗora a kurfoti ta yi zafi, in sa gwangwanin a ciki in rufe, in zuba garwashi kaɗan a kan murfin. In kina son ki san ya gasu, juye shi ki ƙwanƙwasa gindinsa. In ya amsa kamar ganga, ya yi. Ki daure ki bar shi ya huce kafin wuƙa ta taɓa shi.

Maganar zuma kuwa, a nan nake so 'yan'uwana mata su buɗe kunne. Mu Musulmi muna girmama zuma, Alƙur'ani ya ambace ta da waraka a Suratun Nahli, shi ya sa wasu suke ɗauka mai ciwon suga zai iya shan ta yadda ya ga dama. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ke cikin zuma suga ne, kuma tana ɗaga sugan jini. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da kusan giram 17. Amfaninta a burodin nan shi ne ta fi suga zaƙi, kaɗan ya wadatar. Tana riƙe danshi, burodin ya kwana biyu bai bushe ba. Tana kuma ba shi ƙamshi da launin ja. Saboda wannan jan ne ma ba a cika wuta, don bayansa yana saurin ƙonewa. Cokali 2 a burodin da za a yanka gida 12, kin ga abin da zai zo wa mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma ko kaɗan, likitoci sun hana.

Sai kuma neman ta gaskiya, don masu dafa suga su ɗura a kwalba sun yi yawa. Ni wajen mutum ɗaya nake saye, wanda yake kawo ta da ɗan sauran saƙarta. Ku da kuke Kamaru kun huta, zumar Adamawa tana kusa da ku a Ngaundare.

Ranar da na fara ajiye shi a tabarma, ban ce wa Alhaji na marasa lafiya ne ba. Na yanka wa kowa, har ni. Ya ɗaga yanki ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Wannan kuma burodin wace ƙasa ce, duk ƙuraje?" Auta ya ce, "Baba, ci ka ji." Ya ci yanka biyu da ƙwai da shayi ba suga. Abin da ya fara lura da shi bayan 'yan kwanaki shi ne yunwar hantsi ta daina kama shi. Yakan kai Azahar bai nemi komai ba. Burodin bai warkar da shi ba, kuma ba zai warkar ba. Yana nan yana shan maganinsa, yana zuwa awo, kuma ko wannan ɗin yanka biyu ne ƙa'idarsa, tunda akwai fulawa a ciki. Amma ya daina tsayawa teburin mai shayi, ya dawo karyawa a cikin iyalinsa, kuma ni na san abin da ya shiga cikinsa, don da hannuna na auna.

Sai dai kinuwa akwai tsada. Ɗan ƙunshin nan da bai cika hannu biyu ba, kuɗinsa ya isa cefanen yini, kuma ba a samunta a kasuwar zango. Wata rana ina wanke ta sai hannuna ya tuna mini da acca. A Jos na tashi, inda muke yin kunun acca da gwate da tuwonta, ana rege ta da ƙwarya don fitar da yashi. Ita ma ƙaramar ƙwaya ce, ita ma ba ta da danƙon alkama. Na sa aka nemo mini, ashe ana nomanta a arewacin Gana wajen Yendi, haka a Togo da Benin da Mali, ƙasar Gini kuma ita ce kan gaba a duniya. Na turara rabin kofi na sa a madadin kinuwa, sauran awon ban canza komai ba. Burodin ya fito lafiya lau, ya ma fi laushi. Acca ba ta kai kinuwa sinadarin gina jiki ba, don haka nake haɗa wa Alhaji da ƙwai ko dafaffen wake. Yanzu ita ce ta yau da kullum a gidana, kinuwa sai in 'yata ta zo daga Akara.

Ga wadda mijinta ko mahaifinta yake fama da wannan ciwo, shawarata ita ce ku fara zuwa wajen likita a auna, a bi abin da ya ce. Bayan haka, abin da za a girka masa ya zama na gida duka. Namiji mai iyali yakan jure rashin zaƙi, amma da wuya ya jure a ware shi. Yaranmu ma ribarsu ce, tunda ciwon yana bin jini, kuma harshen da ya saba da ƙarancin suga tun yana ƙarami ba ya wahala da girma. In babu kinuwa a garinku, akwai acca. In babu acca, garin alkama mai dusa ma ya fi farar fulawa zalla. Ki gwada ranar Juma'a ko Lahadi, lokacin da maigida ba ya sauri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.