Ranar Da Na Ɓata Cinyar Ragon Layya

Mahaifina mai tsire ne a garin Gumel. Tun na yi wayo nake ganinsa a gaban tukubarsa, daga la'asar har dare ya raba. Kowace Alhamis yakan yi sammako zuwa kasuwar Maigatari, can bakin iyakarmu da Nijar, inda ake kawo shanu da raƙuma da tumaki da awaki, ya zaɓo abin da zai yanka. Da kuɗin wannan tsire ake biya mini kuɗin makaranta. Amma sai in faɗa muku gaskiya, 'yan'uwana ɗalibai, na daɗe ina jin kunyar sana'ar nan. Da muka shigo aji ɗaya aka ba mu takarda mu rubuta aikin iyayenmu, ni "ɗan kasuwa" na rubuta, don gudun kada a riƙa kirana ɗan mahauci.

A Babbar Sallar shekarar 2023 yayana ya zo gida daga Kano da wani fim ɗin Koriya a wayarsa. A ciki na ga mutane masu tsabta sun kewaye tebur, ga wuta a tsakiyarsa, kowa yana gasa namansa yana naɗewa a ganyen latas yana ci. Abin ya burge ni ƙwarai. Na ari wayar na bincika, na ga sunan gashin bulgogi, ma'anarsa a harshensu "naman wuta". Sukan yanka naman sa siriri, su jiƙa shi a wani haɗi na ruwan waken soya da aka tsima, da sukari, da tafarnuwa, da albasa, da man riɗi. Sai su goga wani ɗan itace na ƙasarsu mai ruwa-ruwa a ciki, domin yana tausasa nama. Na ce a raina, ga gashi na 'yan boko, ba irin na Baba mai hayaƙi ba.

Kayan haɗin ba su yi mini wuya ba. Riɗi dai namu ne, domin kawuna yana noma shi a Gagarawa, kuma daga ƙasar nan tamu ake lodinsa zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin. Inna tana da mansa a kwalba. Ruwan waken soya ne babu, sai na jiƙa daddawa da gishiri na tace, tun da ita ma tsima ta ake yi. A madadin sukari na ɗebi zuma. Shi kuwa ɗan itacen nan nasu ba mu da shi, amma na taɓa jin cewa gwanda tana tausasa nama. Na je bayan gida na tsinko ɗanya guda, na goge ta duka a cikin haɗin.

Saura nama. Ragon layyarmu ya kwana a rataye, da safe Baba ya sassara shi ya kasa: na gida, na dangi, na sadaka. Na ga wata cinya an ajiye ta gefe a cikin kwano an rufe da faifai. Ban tambayi kowa ba na ɗauke ta, na shige ɗakin yayana na yanyanka, na zuba a haɗina tun da hantsi. Nufina in ba mutanen gida mamaki.

Bayan la'asar na hura gawayi, na ɗora waya, na buɗe kwano. Abin da na gani ya sa gabana ya faɗi. Naman ya saki, ya yi laɓa-laɓa kamar an daka shi a turmi. Wanda na ɗauka sai ya tsinke a hannuna. Ɗan abin da na samu na ɗora a wuta kuwa, nan take zumar ta kama ta yi baƙi ƙirin. Garin gyaran gira na rasa ido.

Ina tsaye ina zufa sai na ji Inna tana cigiyar cinyar da za a kai wa Kaka a Sule Tankarkar. Ashe tun da Baba ya yi aure bai taɓa fashin aika wa mahaifiyarsa cinyar ragonsa ba. A lokacin na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya zo ya tsaya a kaina. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ne na ɗauka." Na zaci zan sha bulala. Sai ya sa yatsa a cikin kwanon ya ɗanɗana, ya yi shiru. Can ya ce, "Haɗinka ya yi daɗi. Amma wa ya ce maka ana barin nama wuni guda a cikin ɗanyar gwanda? Ƙaronta cin nama yake yi. Mu sai naman tsohuwar saniya muke naɗewa a ganyenta, shi ma na ɗan lokaci. Kai kuma ka samu ɗan rago mai taushi ka yi masa wannan aika-aika." Bai ƙara ba. Ya ɗauki ɗayar cinyar, wadda ita ce rabon gidanmu, ya ba yayana ya kai wa Kaka. Wannan ya fi mini bulala zafi.

Washegari da yamma ya kira ni ya ce in sake yin haɗin, amma in sa gwanda cokali ɗaya kawai. Ya ɗauko ɗan naman baya da ya rage. Ya nuna mini yadda ake gitta wuƙa a kan zaren nama maimakon a bi tsawonsa, ya ce rabin taushin nama a wurin yanka yake. Ya fere shi siriri kamar zai yi kilishi. Muka jiƙa na rabin awa. Ya hana ni ɗorawa sai da harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi fari da toka, domin duk abin da aka sa wa zaƙi ba ya son wuta mai ci. Kowane yanki juyi biyu ya yi masa ya sauke. Daga ƙarshe ya barbaɗa soyayyen riɗi, ya ajiye yajin ƙuli-ƙulinsa a gefe, mai citta da kanumfari da masoro da barkono. Muka zauna a tabarma muka kewaye wutar, har da Inna da ƙannena, muna naɗewa a latas. Baba ya ci ya yi dariya ya ce, "Ashe mutanen nan ma mahauta ne."

A daren nan na gane cewa duk abin da na karanta a waya, hannun Baba ya riga ya san shi, har da abin da ba a rubuta ba. Bambancin kawai, su suna jiƙa nama a haɗi mai ruwa kafin wuta, mu kuma muna turbuɗa shi a yaji busasshe da man gyaɗa. Su suna alfahari da nasu har suna nuna wa duniya a fim, ni kuwa ina ɓoye namu.

Yanzu duk hutu ni nake soke wa Baba tsinke a tukuba. Da aka ba mu takardar jarrabawar fita bana, a gurbin aikin uba na rubuta "mai tsire" da manyan baƙaƙe. Ƙannena da muke bari a makaranta, ku koyi na waje, babu laifi. Amma kafin ku taɓa cinyar da aka rufe da faifai, ku tambayi na gida.