Kafin Ki Ɗora Ɗanki A Kwale-kwale, Duba Aikin Masassaƙin

Uwargida, idan kin san Kahu ta ƙasar Kibiya, kin san garin noma ne, ba na fito ba. Amma da kin bi ta Rano kin nufi Rurum, sai ga ruwan Tiga shimfiɗe a gabanki, madatsar da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Can muka je sayen kifi ni da innata, sai yarana suka kafe lallai sai sun hau kwale-kwale.

Uku ne a bakin gaɓa. Ni dai idona ya tafi kan wani mai shuɗin fenti, sabo fil. Wani dattijon masunci da ke gyaran koma ya ce, “'Yata, fenti kike kallo? Leƙa cikinsa.” Na leƙa. Ruwa ne kwance a ƙasansa, ga tsohon galan da aka yanke don kwalfewa.

Daga nan ya zaunar da ni karatu. Ya ce maƙerin da ke gaggawar kuɗi da ɗanyen katako yake aiki. Idan rana ta buge shi sai ya tsuke, haɗin ya buɗe, a bi da fenti a rufe. Gwani kuwa sai katakon ya bushe sarai, ya jera haƙarƙarin jirgin kusa da kusa, ya cusa auduga a kowace kafa, sannan ya bi da kwalta. Ki duba kan ƙusoshin ma. Inda tsatsa ta zubo, nan ruɓa ke farawa. Ya yaba wa maƙeran Yawuri, ya ce wanda ya tashi a bakin Kwara ba ya wasa da haɗi.

Na biyun na gungume guda ne, ba shi da haɗi balle ya yi yoyo. Idan da maɗaci ko kawo aka sassaƙa shi, yana shekaru. Na rimi ya fi sauƙin kuɗi da rashin nauyi, amma yana saurin ruɓewa. Aibinsa ƙunci: yaro ɗaya ya miƙe tsaye, sai ya karkace.

Ba son tsorata ki nake ba. Amma kin tuna ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da jirgi ya kife a madatsar Watari, tsakanin Badau da Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, kuma lodi ne ya wuce kima. A aikinmu na jinya mun san yaron da ke nutsewa sau da yawa ko ihu ba ya iya yi, kuma mintuna kaɗan ba numfashi sun isa su taɓa ƙwaƙwalwa. Don haka ki ƙirga mutanen da ke ciki, ki dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgin, ki tambayi rigar kariya, kada kuma ki yarda da fiton bayan magariba.

Na ukun, wani baƙi ƙirin da kwalta mai kamar ba zai moru ba, shi ne cikinsa a bushe ƙayau. Na ce, “Baba, akwai rigar kariya ta yara?” Ya girgiza kai. Muka ɗaure kifinmu, muka kama hanyar Kahu, ƙaramin yana kuka har Rano.