Godiya a Shekarar Rashi

A Alhamis ta huɗu cikin watan Nuwamba, ranar da Amurkawa ke bikin Godiya, wata dattijuwa maƙwabciyata ta gayyace ni cin talotalo. Kafin a sa hannu a abinci, aka ce kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Da aka zo kaina sai na yi shiru. A shekarar ne mahaifina ya rasu, ban kuwa samu zuwa jana'izarsa ba.

Shirun nan ne ya sa na bi diddigin bikin. A makaranta ana koya wa yara labarin 1621: Turawan Ingila da suka sauka a Plymouth sun girbe masararsu ta farko, suka yi kwana uku suna liyafa tare da mutanen Wampanoag, masu ƙasar. Abin da ba a cika nanatawa ba shi ne, kusan rabin mutum 102 da jirgin Mayflower ya kawo sun mutu a hunturun farko. Ashe masu makoki ne suka zauna cin abincin.

Haka ma a 1863, da Abraham Lincoln ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya: yaƙin basasa na ci, wata uku kacal bayan gumurzun Gettysburg.

Ba kowa ke godiya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Tun 1970 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana, suna juyayin kakanninsu da ƙasar da aka ƙwace musu.

Da Nuwamba ta zagayo na koma gidan dattijuwar. Da aka zo kaina, na ambaci sunan mahaifina.