Wa Zai Kwana Da Yara?

A unguwar Lokuwa, cikin garin Mubi, akwai wata mata wadda maƙwabta ba su taɓa daina kiranta Sista ba, ko da ya ke ta shekara tara ba ta sa fararen kaya ba. A Yola ta yi karatun aikin jinya, sa'an nan ta kama aiki a wani asibiti a Mubi, inda ta shekara uku a ɗakin yara. Ran 29 ga watan Oktoba na shekarar 2014, sa'ad da mayaƙan Boko Haram suka shigo garin, tana ɗauke da cikin fari, wata bakwai. Da ita da maigidanta, wanda ya ke malamin makaranta ne, suka bi sahun dubban mutanen da suka fantsama daji, waɗansu suka nufi Kamaru, waɗansu suka yi kudu. Tafiyar ƙasa da ta mota ta kai su Yola, a can kuwa ta haihu, a ɗakin aro. An ƙwato Mubi tun cikin watan Nuwamba, amma su ba su komo ba sai da ta yi arba'in, kuma da suka komo ba ta koma bakin aiki ba.

Ba wanda ya hana ta, gaskiyar magana ke nan, don kada a ɗora wa mijin laifin da bai yi ba. Yaron ya zo da laulayi, gari bai gama zama ba, ita kanta kuwa in ta ji ƙarar buɗe ƙofa da ƙarfi sai gabanta ya faɗi. Ta ce bari a yaye shi tukuna. Aka yaye shi, ta ce bari ya shiga makaranta. Kafin ya shiga, ga ƙanwarsa ta zo cikin 2018, auta kuma cikin 2021.

Amma fa zaman gida bai raba ta da marasa lafiya ba. Cikin watan Mayu na 2018, da annobar amai da gudawa ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, har aka keɓe wurin jinya a Babban Asibitin garin, matan unguwa ƙofarta su ke fara ƙwanƙwasawa. Da tsohon ciki ta ke zama a tabarma tana gwada musu yadda a ke haɗa ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita guda ta tafasasshen ruwa, tana kuma matsa fatar cikin yaro ta gani ko za ta koma da sauri. Wanda ta ga idonsa ya zurma, ba ta ɓata lokaci, sai ta ce a tafi da shi yanzu-yanzu. Tun daga lokacin nan abin ya riƙa yi mata ƙaiƙayi a zuci, sai dai ba ta furta ba.

Abin da ya sa ta furta, kuɗi ne. Bayan da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, albashin malamin makaranta ya daina kai su tsakiyar wata. Wani dare, yara sun yi barci, ta ce, "Malam, ina so in koma aiki." Ya yi shiru jim kaɗan, kana ya ce, "To, wa zai kwana da yara?"

Sauran wahalhalun duka masu iyaka ne. Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1979, ba ta yarda kowa ya taɓa majinyaci sai da lasisi mai rai, nata kuwa ya daɗe da mutuwa. Ta kwashi adashi ta biya bashin shekaru da tarar jinkiri, ta halarci kwas ɗin sabunta ilmi tare da yaran da ta girme su da shekara goma sha. Ta tarar aikin bai tsaya jiranta ba. An shigar da allurar shan inna cikin rigakafin jarirai tun 2015, an ƙara ɗigon rigakafin gudawar yara cikin 2022, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kuwa, wanda ta saba ganin ana ɗaura wa yaro kwinin a ƙarin ruwa, yanzu allurar atesunet ce a kan gaba. Wannan duka karatu ne, ita kuwa ba ta taɓa tsoron karatu ba. Da dare, in ta gama wanke-wanke, sai ta shimfiɗa littafi a kan tabarma, auta na barci a cinyarta.

Tambayar maigidan ce ba ta cikin littafi. Aikin asibiti kashi uku ne, na safe da na yamma da na dare, kuma a kan juya su ne bi da bi. Na safe da sauƙi, manyan suna makaranta. Na yamma ma a iya lallaɓawa, don uban yana gida kafin la'asar. Na dare shi ne magana, tun bayan isha'i har rana ta fito, kwana da kwanaki a jere. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba mai jego hutun mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini, amma ba ta ce kome ba a kan yaro ɗan shekara biyu da ya farka ƙarfe biyun dare yana neman uwarsa. Inda ta samu aikin kuwa ba su da ɗakin ajiye 'ya'yan ma'aikata.

Dangi suka kawo shawarar da a kan kawo kullum. Akwai wata yarinya 'yar shekara 12 a ƙauyensu mijin, wajen Maiha, iyayenta za su yi murna a ɗauko ta ta zama 'yar raino. Kowa ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Sista ce ta ƙi, har waɗansu suka ce girman kai ne. Abin da ba su sani ba, ko kuwa suka manta, yayarta da su ke ciki ɗaya haka aka ɗauke ta tana aji huɗu, aka kai ta gidan wata ma'aikaciya da alkawarin za a sa ta makaranta. Ba a sa ta ba, daga raino sai aure, yau ga ta ko sunanta ba ta iya rubutawa. Matan da suka yi ilmi a ƙasar nan, da yawansu a kan gadon bayan irin waɗannan yara suka tsaya suka yi aikinsu, abin kuwa ba a cika faɗinsa a taron yaye ɗalibai ba. Ta ce wa mijin, in dai sai an fid da 'yar wani daga aji kafin ita ta shiga asibiti, ta haƙura.

Saura uwar miji, wadda ke zaune a Shuware tana tuyar ƙosai da safe. Tun farko ba ta goyi bayan abin ba. Da surukar ta je gaishe ta, ta durƙusa ta ce, "Goggo, alfarma na zo nema," sai tsohuwar ta ce, "'Yar nan, taura biyu ba ta taunuwa. Masu jinya suna da yawa a duniya, uwar waɗannan yara ke kaɗai ce." Sista ba ta yi musu ba, kanta a sunkuye, domin maganar akwai gaskiya a ciki. Bayan mako biyu tsohuwar ta aiko jikanta ya ce, in makon dare ya zo, a turo mata keke.

Ba kyauta abin ya zo ba. Duk daren da Goggo ta kwana a Lokuwa, ba ta komawa Shuware sai hantsi, masu sayen ƙosai sun watse. Ba ta taɓa ambata wannan ba, kunya ba ta bari, surukar ma kunya ba ta bar ta ta miƙa mata kuɗi hannu da hannu. Saboda haka duk ƙarshen wata sai ta ƙirga ribar kwanakin da aka rasa ta ba mijin, shi kuwa ya kai wa uwarsa da sunan kuɗin goro, kowa ya san abin da a ke ciki ba wanda ya ce uffan.

Ta kama aiki a ƙarshen 2023, aka sake kai ta ɗakin yara. Cikin Fabrairu 2024 magatakardan Majalisar nan ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Galibinsu daga manyan asibitocin birane su ke tashi zuwa Ingila da Amurka da Saudiyya, amma gurbin da suka bari na ƙananan garuruwa ne ke tafiya su cike, ta haka ramin ya ke gangarowa har ya iso wuri irin Mubi, inda a kan bar mutum biyu da ɗaki guda har gari ya waye.

Wani dare cikin damina, wajen ƙarfe ɗaya, wata yarinyar mata ta shigo da ɗa a kafaɗa, jikinsa kamar wuta, yana shiɗewa. Abokiyar aikin Sista, wadda ba ta daɗe da fitowa makaranta ba, ta tambayi kwana nawa ya yi da zazzaɓi, aka ce uku. Ta ɗaga murya ta ce, "Kwana uku! Sai yanzu kika ga damar kawo shi?" Sista ta ji kamar muryarta ce ta shekarun baya a ke mayar mata, domin ita ma haka ta ke yi wa iyaye mata a da, tana ganin sakaci ne kawai. Shekara tara a cikin gida sun koya mata abin da kwana ukun nan su ke ƙunshe da shi. Ranar farko a kan sayo magani a kemis a ce zai faɗa. Rana ta biyu maigida ba ya nan, ba izinin fita, ba kuɗin keke. Ta uku kuma ana neman wanda za a bar wa sauran yaran. Ta ce, "Ƙanwata, ɗauko mini allura, faɗan sai da safe." Ta juya ga uwar ta ce, "Sannu, kin yi ƙoƙari da kika fito cikin daren nan. Riƙe mini hannunsa."

Jijiyar yaro mai zazzaɓi ba ta samuwa da sauƙi. Ta soka na farko ta kuskure, hannunta na rawa, ta tsaya ta ja numfashi, a na biyu jini ya biyo. Tana cikin manna filasta wayarta ta yi ƙara a aljihu. Maigida ne, ya ce auta ya farka da zafin jiki, ya yi amai sau ɗaya, yana ta kiranta. Daga asibitin zuwa gida tafiyar minti goma ce a keke. Ta dubi gadajen, ta dubi yarinyar da za ta bari ita kaɗai, sa'an nan ta tambaye shi ko yaron yana shan ruwa, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana gane mutane. Ta faɗa masa yawan maganin zazzaɓin da zai auna, ta ce a shafe shi da ruwa mai ɗumi, in kuwa ya shiɗe ko ya ƙi sha, a kawo shi nan inda ta ke ba tare da jira ba. Ta mayar da wayar aljihu. Har asuba, duk motsin da ta ji a ƙofar ɗakin sai ta ɗaga kai.

Ba a kawo shi ba. Ɗan mutane ya buɗe ido wajen ƙarfe biyar, ya nemi nono. Ta miƙa aiki ƙarfe takwas, ta tsaya ta karɓi abin gwajin zazzaɓi, ta hau keke.

Ta tarar manyan sun tafi makaranta tare da ubansu, Goggo na tsakar gida tana kai da kawowa da auta a goye, zazzaɓin ya sauka. Ta ajiye jaka ta miƙa hannu ta kira sunansa. Yaron ya dube ta, ya dubi fararen kayan, sai ya juya ya kifa fuskarsa a bayan kakarsa. Ta ɗan tsaya da hannuwa a miƙe.

Goggo ta ce, "Fushi ya ke yi, zai huce. Je ki cire kayan nan ki yi wanka, ga kunu can na rufe miki. Yau ma dare ne?"

Ta ce, "I, Goggo, saura biyu."