Arjeplog, Garin Da Ake Gwada Birki A Kan Ƙanƙara

Can arewacin ƙasar Suwidin, a bakin tafkin Hornavan wanda ya fi duk tafkunan ƙasar zurfi, akwai wani ɗan gari da ake kira Arjeplog. Mutanensa ba su kai dubu uku ba, cikinsu har da 'yan ƙabilar Sami masu kiwon barewar ƙasar sanyi. Amma da zarar hunturu ya kama, ruwa ya daskare har ya iya ɗaukar mota, sai garin ya cika da baƙi. Injiniyoyi ne na kamfanonin motoci, kuma tun farkon shekarun 1970 suke wannan zuwa.

Abin da ya fara kawo su shi ne santsi. A kan tafkunan nan aka yi ta gwada birkin da ake kira ABS, wanda kamfanin Bosch ya fitar a motocin Mercedes-Benz a 1978. In direba ya taka birki da ƙarfi, taya kan cije ta daina juyawa, mota ta yi ta sulalewa, sitiyari ya zama hoto. Shi wannan birki yana lura da kowace taya, da ta tasam ma cijewa sai ya sassauta ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, direba kuwa ya samu damar kaucewa.

A kan tafki, inda babu rami babu bishiya, abin gwanin sha'awa ne. Hanya kuwa daban take. A 2009 hukumar kiyaye haɗarin hanyoyi ta Amurka ta bayyana cewa a ƙananan motoci birkin ya rage kashe masu tafiya a ƙasa da kashi 13 bisa ɗari, ya rage mummunan karo a jiƙaƙƙen titi da kashi 12, amma mutuwa ta hanyar barin titi ta ƙaru da kashi 9. Da aka haɗa lissafi, yawan haɗarin da ake rasa rai kusan bai motsa ba, ko da yake ƙananan haɗurra sun ragu da kashi 6. A kan tsakuwa ma, irin ta hanyoyin karkara, mota mai wannan birki takan ƙara nisa kafin ta tsaya.

Wajen watan Afrilu ƙanƙara takan fara narkewa. Sai a loda motocin gwaji a manyan motoci a yi kudu da su, masu gidajen da suka ba baƙi haya su koma ɗakunansu.