Iccen bikinmu da hunturu

Akwai kalmar da ke ba ni dariya a darasin nazarin harshe: *hivernage*. A Faransa *hiver* lokacin sanyi ne, amma a Faransancinmu na nan *hivernage* damina ce. Kalmar ta iso, yanayin bai biyo ta ba.

Haka zancen itatuwa yake. A Turai, in sanyi ya shigo, yawancin itatuwa sukan zubar da ganye su huta. Shi ya sa lokacin Nowel suke ƙawata ɗaki da icce mai ganye kullum, ko da fuwansetiya, tsiron Meksiko wanda ganyensa ke yin ja idan dare ya yi tsawo.

Mu kuwa bikin iccenmu ranar 3 ga Agusta ne. Muna dasawa cikin damina, a yi tafi, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Wahalar sai Disamba: ruwa ya ɗauke, iskar hunturu tana tsotse laima, awaki suna yawo da yunwa. Gawo kam ya iya da kansa, da rani ma yake fitar da ganye. Ƙaramin dashen dogon yaro ko mangwaro fa? Sai da mutum.

Abin da yake so kaɗan ne: ruwa da maraice, karan hatsi a gindi don ƙasa ta riƙe sanyi, shingen ƙaya saboda bisashe.

Ƴan uwa, wanda ya dasa a Agusta, ya je ya dubo iccensa wannan makon, da bokiti a hannu.