Chiwetel Ejiofor da wasan dandalin da na guje wa

1/ Jiya da daddare na sake kallon 12 Years a Slave, kuma waje guda ya hana ni barci. Ku yi haƙuri, zaren nan zai ɗan yi tsawo.

2/ Wajen da aka rataye Solomon a bishiya, yatsun ƙafarsa kaɗai ke taɓa laka. Babu magana, kyamara ba ta gusa ba. Yara na wasa a bayansa, sauran bayi na ta aikinsu. Chiwetel Ejiofor ya riƙe mai kallo na tsawon mintuna da numfashi kawai. Wallahi sai na ji kunya, zan faɗi dalili.

3/ An haife shi a Landan a 1977, iyayensa Ibo ne. Yana ɗan shekara 11 suka yi hatsarin mota a Najeriya, mahaifinsa ya rasu. Tabon goshinsa daga nan ne.

4/ A dandali ya fara, da ƙungiyar National Youth Theatre. Yana makarantar koyon wasan kwaikwayo ta LAMDA Spielberg ya ɗauke shi a Amistad na 1997. Da ni ne, shi ke nan, an tsallake, ba ni ba dandali.

5/ Shi kuwa a 2007, bayan sunansa ya fita a fim, sai ya koma ya fito a matsayin Othello a Donmar Warehouse, ɗan ƙaramin gidan wasa mai kujeru kusan 250. Ewan McGregor ne Iago. Kullum dare wasa ɗaya, 'yan kallo gab da kai, in ka yi kuskure babu "a sake". Ya ci kyautar Olivier da shi a 2008.

6/ To ga inda kunyar take. A sakandare ni ne ja-gaban 'yan wasan kwaikwayo. Malaminmu kan tsayar da ni minti biyu ba magana, wai in koyi tsayuwa gaban jama'a. Na ɗauka mugunta ce. Da na gama na ce dandali na marasa kyamara ne.

7/ Yanzu shekara uku ina 'yan bidiyoyin barkwanci a TikTok. Duk daƙiƙa biyar sai na yanke. Watan jiya na je gwajin wani fim, darakta ya ce in saurari abokiyar wasana kawai, kar in ce komai. Na rasa inda zan sa hannuwana. Ba su kira ni ba.

8/ Mutumin nan fa, don fim ɗin da ya ba da umarni a 2019, The Boy Who Harnessed the Wind, zama ya yi ya koyi Chichewa, yaren Malawi. Ni shafi biyu na Hausa ke ba ni wuya in haddace.

9/ Da safen nan na nemo lambar malamin. Ya ce har yanzu suna atisaye ranar Asabar da la'asar, in zo, amma sharar dandali zan fara. Na ce to, Malam.